Kwana 28, Kwana 194, Kwana 730: Lissafin Abin da Kwamfuta Ke Tunawa

Duk kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima tana rubuta abin da ya same ta, layi bayan layi, dare da rana. Wa ya shiga, ƙarfe nawa, daga wace na'ura, wa ya gwada kalmar sirri ta ƙi buɗewa, yaushe wuta ta ɗauke, yaushe ta dawo. Wannan rubutu shi ne log, kuma a na'urorin Linux mazauninsa /var/log. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da shagunan intanet inda yaran Barkiya da Birchi da Wurma ke zuwa cike fom, babu wanda aikinsa ke tafiya ba tare da wata saba a bayansa ba, ko tana cikin harabar wurin ko hayarta aka yi a wani gari. Kowace saba kuwa tana tara log, tana matse tsofaffin, sannan tana share su a ranar da aka yanka mata. Wannan ranar ce ta dame ni, don yawancin masu kula da na'urorin ba su ne suka zaɓe ta ba.

Manhajar da ke wannan aiki sunanta logrotate. A Debian da Ubuntu da Red Hat, fayil ɗin saitinta yana zuwa da layuka biyu gajeru: weekly da rotate 4. Wato a rufe log kowane mako a buɗe sabo, a riƙe tsofaffi huɗu, na biyar a jefar. Idan aka haɗa da wanda ake kan rubutawa, abin da na'urar ke tunawa bai wuce kwana 28 zuwa 35 ba.

Ajiye wannan adadi gefe, ka ɗauko na biyu. Rahoton da kamfanin IBM ya fitar a 2024 kan kutsen bayanai ya nuna cewa, a matsakaici, sai an shafe kwana 194 kafin kamfani ya gane an shiga na'urorinsa, sannan wasu kwana 64 kafin a toshe ɓarakar. Da yawansu manyan kamfanoni ne masu ma'aikatan tsaro na musamman. Idan aka cire 35 daga 194, saura 159: ranar da za a farga, shaidar yadda ɓarawo ya shigo ta fi wata biyar da gogewa. Kuma ba ɓarawon ne ya goge ta ba, na'urar ce da kanta, bisa umarnin da ta zo da shi.

Na uku daga doka ya fito. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya wajabta wa masu samar da hidimar sadarwa su adana bayanan zirga-zirga da na masu rajista har shekara biyu, kwana 730 ke nan, ko mako 104. Ba kowace sabar makaranta wannan sashe ya hau kanta ba, kuma ba kowane irin log yake nufi ba, amma ya nuna tsawon lokacin da masu doka suke ganin bincike na iya buƙata. Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin da ke sarrafa katunan banki ke bi, ta ce wata 12, kuma na wata uku na ƙarshe su kasance a hannu nan take. Mako huɗu bai kai kashi huɗu cikin ɗari na mako 104 ba.

Wanda ke ganin wannan maganar manyan kamfanoni ce kawai, ya tuna jarrabawar JAMB ta 2025. An fara ta a ƙarshen Afrilu, sakamako ya fito a farkon Mayu, koke ya yi yawa, sai ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Katsina ba ta ciki. Abin lura shi ne tazarar: kusan mako uku tsakanin fara jarrabawa da tabbatar da kuskure, a kan lamarin da ƙasa baki ɗaya ta sa wa ido. Koken ɗalibi guda a kan makin da ya ɓace a sabar makaranta yakan jira ƙarshen zango, wani lokaci har sai an zo tantance masu fita. A lokacin, mako huɗun ya wuce sau da yawa.

To me ke hana a ƙara? Amsar da aka fi ji ita ce faifai zai cika. Bari mu auna wannan tsoro da lissafi, da alƙaluman da na ɗauka don misali kawai. A ce ƙaramar saba tana rubuta layi 50,000 a rana, kowane layi bait 120. Megabait 6 ke nan a rana, gigabait 4.38 a kwana 730. Littafin jagorar gzip, manhajar da ke matse log zuwa fayil mai .gz, ya ce rubutu na yau da kullum yana raguwa da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Log yakan fi haka nesa, har ya koma kusan kashi ɗaya bisa goma na girmansa. A kan wannan ma'auni, shekara biyun ta zama megabait 438, abin da bai kai fim ɗin Kannywood guda mai hoto mai kyau ba. Ɗauki wuri mai cunkoso, layi miliyan biyu a rana, kowane bait 200: megabait 400 a rana, gigabait 292 a shekara biyu, a matse gigabait 29.2. Filash mai gigabait 32 zai ɗauka. Kada a ruɗe idan kwamfuta ta nuna filash ɗin a 29.8: masu sayarwa suna ƙirga gigabait a bait biliyan ɗaya cif, na'ura kuwa sau da yawa tana ƙirga shi a 1,073,741,824. A ma'aunin na'urar, kayan namu 27.2 ne, don haka akwai sauran wuri.

Dalilin wannan matsuwa mai yawa shi ne maimaici. Malamin da ke cika rajistar aji, idan garin yara goma a jere ɗaya ne, ba ya rubuta Kurfi sau goma. Yana rubuta na farko, ya ɗiga 'yan alamu biyu a ƙarƙashi, ma'ana kamar na sama. Dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa a 1977 ke nan: maimakon sake rubuta abin da ya riga ya zo, sai a ce koma baya bait kaza, ka kwafo guda kaza. Aka haɗa ta da dabarar David Huffman ta 1952, wadda ke bai wa harafin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama. Jean-loup Gailly da Mark Adler suka gina gzip a kan wannan haɗi a 1992, don su kauce wa haƙƙin mallakar da ke kan tsohuwar manhajar compress. A log kuwa kusan komai maimaici ne: kwanan wata ɗaya, sunan na'ura ɗaya, saƙon nan dai ɗaya, lamba ɗaya ko biyu kawai ke sauyawa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen buɗewa. Mutum ya ga syslog.2.gz, ya san ba ya karantuwa haka, sai ya buga gunzip a kansa. Wannan umarni yana warware fayil ɗin, sannan ya share matsattsen. Abu biyu sun lalace: logrotate ya tarar da suna ba yadda ya bari ba, kuma asalin fayil ɗin da za a iya nunawa a matsayin shaida ya tafi. Idan kuma aka buga shi a kan fayiloli duka lokaci guda, gigabait 29 ɗin nan ya koma 292 a kan faifan da ba zai ɗauka ba, saba ta tsaya ana tsakar aiki. Tun sigar 1.6 ta 2013 akwai gunzip -k, wanda ke barin na asali. Amma a mafi yawan lokuta babu buƙatar warwarewa zuwa faifai ko kaɗan:

zcat syslog.2.gz | less

zgrep "Failed password" /var/log/auth.log*

Na farko yana zubo rubutun a kan allo shafi-shafi ba tare da ya ajiye komai ba. Na biyu yana laluben duk inda aka gwada kalmar sirri ta ƙi, a matsattsun fayiloli da waɗanda ba a matse ba, a tafi ɗaya. Wannan na da amfani domin Debian da Ubuntu sukan jinkirta matse fayil na baya-bayan nan, shi ya sa ake ganin syslog.1 a buɗe, sai daga na 2 .gz ke farawa. Idan aka ƙara | wc -l a ƙarshe, adadin layukan zai fito. Mai amfani da Mac ya rubuta gzcat, don zcat na can tsohon tsarin .Z yake nema.

Akwai iyakoki biyu na gzip da ya kamata mai buɗe fayil ɗin da ba shi ya matse ba ya sani. Ba ya waiwayen abin da ya wuce bait 32,768 a baya, kuma ba ya kwafo fiye da bait 258 a tashi ɗaya. Daga nan aka lissafa cewa iyakar matsewarsa kusan 1,032 ne zuwa 1. Fayil mai megabait 10 zai iya kumbura ya haura gigabait 10. Log na gaskiya ba ya kaiwa can, amma yana doso wajen idan wata na'ura ta lalace tana ta maimaita kuka ɗaya dubban sau a minti. Ɗaya iyakar ta fi yaudara. A gindin kowane fayil na gz akwai bait huɗu da ke riƙe da girmansa na asali, kuma bait huɗu ba sa ƙirga abin da ya kai 4,294,967,296. Da an kai nan sai ƙidaya ta koma sifili. Saboda haka tsohon gzip -l zai ce maka fayil mai gigabait biyar a ma'aunin na'ura, gigabait ɗaya ne. Sai a sigar 1.12 ta 2022 aka gyara wannan, Ubuntu 22.04 kuwa, wanda har yanzu yake kan na'urori da yawa, sigar 1.10 ce a cikinsa. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce zcat fayil.gz | wc -c, ko da za ta ɗauki lokaci.

Girman matsattsun fayiloli ma labari ne tun kafin a buɗe su. Idan na kowace rana yana tsakanin kilobait 500 da 700, sai na wata Talata ya kai megabait 9, a fara da Talatar. Idan kuma wani ya zo da bait 20, babu komai a cikinsa: goma na kai ne, takwas na gindi, biyu na jikin da ba shi da kaya. Ko dai na'urar a kashe take, ko wani ya share.

Yanzu maganar juya gz zuwa wani tsari, wadda matasan ma'aikata ke yawan ɗoki a kai. Akwai bzip2 na Julian Seward tun 1996, da xz na Lasse Collin, da zstd da Yann Collet ya fitar a Facebook a 2016. Juyawar ba ta da wuya, kuma ba ta buƙatar a sauke komai a faifai:

zcat auth.log.3.gz | xz > auth.log.3.xz

zcat auth.log.3.gz | zstd -19 -o auth.log.3.zst

Masu xz sun ce a kan fayiloli na yau da kullum yana fitar da abin da ya gaza na gzip da kusan kashi 30 cikin ɗari. Sirrinsa nisan waiwaye: megabait 8 a mataki na 6 da yake zuwa da shi, 64 a mataki na 9, a inda gzip ke da kilobait 32. Kuɗin wannan nisa ram ne da lokaci. Mataki na 6 yana cin megabait 94 wajen matsewa, na 9 yana cin 674, wanda a tsohuwar kwamfuta mai ram gigabait biyu ya isa ya sa sauran ayyuka su yi ta jan ƙafa. Me aka samu? A ƙaramar sabarmu, 438 ya koma kusan 307, an tsira da megabait 131 a shekara biyu. A ganina wannan bai cancanci a taɓa fayil ko ɗaya ba. A babbar, gigabait 29 ya koma 20, nan kam akwai magana. Haka lissafin yake idan turawa za a yi ta data, a ce daga Kurfi zuwa wani ofis a Abuja a kan layin da ke ba da megabit ɗaya a daƙiƙa: megabait 400 a buɗe minti 53 ne, a gz minti biyar da ɗoriya, a xz ƙasa da minti huɗu. Matsewar farko ta rage minti 48, ta biyu minti ɗaya da rabi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabait yana da daraja, amma ribar tana matakin farko.

Wanda zai yi amfani da xz ya duba sigarsa da xz --version. A ranar 29 ga Maris 2024, injiniya Andres Freund ya sanar da cewa an dasa ƙofar ɓoye a sigogi 5.6.0 da 5.6.1, kuma abin da ya ja hankalinsa har da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga na'ura daga nesa ta ssh. An janye sigogin biyu cikin gaggawa.

Wata shawarar da ake bayarwa ita ce a haɗe log na shekara guda a dunƙule ɗaya, don ya fi matsuwa. Gaskiya ne ya fi, amma ba a ƙasarmu ba. A fayil na gz, idan bait ɗaya ya lalace a tsakiya, abin da ke bayansa yakan tafi gaba ɗaya, tunda kowane yanki yana jingine da na gabansa. Wutar da ta ɗauke ana cikin rubutu, ko filash ɗin jabu, sun isa su jawo haka. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar gwamnati, na'urori suna ta kai-komo tsakanin janareta da inbata. Fayil 730 na kwana ɗai-ɗai, idan ɗaya ya lalace an rasa kashi 0.14 cikin ɗari. Dunƙule ɗaya kuwa ana iya rasa rabi ko fiye. Don haka a bar su kwana-kwana, a gwada kowane da gzip -t ko xz -t kafin a share na asali, a kuma ɗauki hatiminsa da sha256sum a ajiye a wata na'ura dabam. Idan akwai yiwuwar magana ta kai gaban kwamiti ko kotu, kada a share na asalin ko an juya shi.

Gyaran saitin kansa layi huɗu ne: daily, rotate 730, compress, dateext. Na ƙarshen yana sa kwanan wata a sunan fayil maimakon lamba. Ba ado ba ne. Idan lambobi ne, na'ura tana jera syslog.10.gz kafin syslog.2.gz, kuma kowace rana sunayen duka suna gusawa da ɗaya, ta yadda fayil ɗin da ka ambata a rahoto jiya, yau wani ne ke ɗauke da sunan.

Sababbin na'urori sun zo da wani tsarin. Debian 12, da ya fito a Yunin 2023, ba ya saka rsyslog, manhajar da ke rubuta fayilolin syslog, da kansa. Log yana cikin kundin systemd, wanda ba rubutu ba ne da zcat zai karanta. Shi ba da kwanaki yake aunawa ba, da wuri: yana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na faifai, amma ba ya wuce gigabait huɗu, kuma da ya cika sai ya share mafi tsufa. A na'ura mai shiru wannan na iya kai shekara, a mai hayaniya mako biyu. journalctl --disk-usage yana faɗin abin da ya ci. Fitar da na wata guda zuwa rubutun da kowace kwamfuta za ta karanta kuwa haka ake yi:

journalctl --since 2025-03-01 --until 2025-04-01 -o short-iso | gzip > maris2025.gz

Kalmar short-iso a nan tana da nauyi, kuma ita ta kawo mu ga matsalar da ta fi damun wuri irin namu, wato agogo. Tsarin syslog ya samo asali ne daga aikin Eric Allman a shekarun 1980, kuma yadda aka rubuta shi a ƙa'idar RFC 3164 ta 2001, layi yana farawa da wata da rana da sa'a kawai. Babu shekara, babu yankin lokaci. Ga mai riƙe mako huɗu wannan ba komai ba ne. Ga mai riƙe kwana 730, kowace rana ta shekara tana fitowa sau biyu, kuma layin da ya ce Mar 14 bai faɗi wanne ba. RFC 5424 ta 2009 ta kawo cikakken kwanan wata, amma na'urori da yawa suna nan a kan tsohon. Sannan ga sa'a guda da ke tsakanin agogon Najeriya da agogon duniya na UTC, wanda sabobin haya na waje suka fi bi: abin da ya faru ƙarfe 12:30 na dare a Dutsin-Ma, a log ɗin can 23:30 ne na jiya. Sa'a ɗaya ta isa ta sa a tuhumi mai gadin da ba shi ke bakin aiki ba.

Kwamfuta tana daidaita agogonta ne ta intanet. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, kuma an shafe watanni a haka. Na'urar da ta dogara da layin waya a irin wannan lokaci ba ta da mai gyara mata lokaci. Agogon da ke zamewa da daƙiƙa biyu a rana ya yi kuskuren minti uku a kwana 90, wannan da sauƙi. Wadda ƙaramin batirin cikinta ya mutu kuwa, duk ɗaukewar wuta tana iya farkawa a wata shekara ta can baya, wasu har 1 ga Janairu 1970, inda ƙidayar Unix ta fara. Batirin ƙwaya ɗaya ne mai lamba CR2032 a yawancin kwamfutocin tebur, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Mai kula da saba a irin wannan yanayi ya riƙa rubuta lokacin ɗaukewar wuta da dawowarta a littafi da biro, don da shi ne za a daidaita layukan daga baya.

Tsawaita ajiya yana zuwa da nauyinsa. A cikin log akwai sunayen shiga, lambobin rajistar ɗalibai, adireshin na'urori, wani lokaci har kalmar sirrin wanda ya yi kuskure ya buga ta a gurbin suna. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, kuma ta ba da sa'a 72 a sanar da hukumar NDPC idan aka gano fitar bayanan da ka iya cutar da masu su. Filash mai log ɗin shekara biyu da ya faɗi a cikin motar Katsina yana iya zama irin wannan fita. Matsewa ba kullewa ba ce. Duk wanda ya tsinci fayil ɗin gz zai karanta shi da umarni ɗaya. Kwafin da zai bar ɗakin saba a kulle shi da gpg -c, kalmar buɗewa ta kasance a hannun mutum biyu, kuma shugaban sashe ya sa hannu a takarda kan adadin kwanakin da aka zaɓa, ko 180 ne ko 365 ko 730, tare da ranar da za a share.